Yadda ake gano matsalar tsohon injin ɗaure ciyawa kafin a kira makanike

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a shekarar 2024, maganar noman ciyawa da adana ta domin rani ta ƙara fitowa fili. A manyan gonakin kiwo, aikin ya dogara ne da injin da tarakta ke ja, wanda yake kwashe busasshiyar ciyawa ya naɗe ta ta zama ƙaton dami mai siffar ganga. Kamfanin Vermeer na jihar Iowa a Amurka ne ya yaɗa irin wannan inji a farkon shekarun 1970, kuma da dama daga cikin waɗanda ke isowa hannun manomanmu na hannu ne, sun riga sun sha aiki a Turai ko Amurka. Idan irinsu suka tsaya ana tsakiyar kaka, kayan gyara na da wuyar samu, ciyawar da aka yanka kuwa ba ta jira.

Sai dai abin da ake ɗora wa injin laifi sau da yawa ba nasa ba ne. Kafin a ɗauko sifana, a fara duba ciyawar. Ana so danshinta kada ya wuce kashi 18 cikin ɗari. Idan ya haura haka, sai ta riƙa nannaɗewa a jikin rola tana toshe bakin injin. In ma an samu damin ya haɗu, zai yi zafi daga ciki, ya yi funfuna, wani lokaci har ya kama wuta a ma'ajiya. Wadda ta bushe ƙayau ma tana da nata halin: gajera ce mai santsi, bel ba ya iya kama ta ya fara juya zuciyar damin. Maganin wannan shi ne a yi aikin da sassafe ko da yamma, lokacin da raɓa ta ɗan sassauta ta, a kuma rage gudun tarakta har zuciyar ta kama.

Siffar damin kanta tana ba da labari. Idan ya fito da ƙaton ciki da siraran gefuna, to jerin ciyawar da aka tara a fili bai kai faɗin bakin injin ba, direba kuma ya bi shi ɗoɗar, komai ya taru a tsakiya. Abin da ake yi shi ne a riƙa karkata dama da hagu domin kowane gefe ya cika. Idan kuwa gefe ɗaya ne kullum ya fi kauri duk da direba ya gyara tuƙinsa, a nan ne za a koma kan bel. Shekaru suna sa bel ya miƙe, kuma ba daidai suke miƙewa ba. A kwance su duka, a shimfiɗa a ƙasa, a auna, a rage waɗanda suka yi tsawo bisa ma'aunin da littafin injin ya bayar. A duba mahaɗarsu, domin nan ne suka fi tsinkewa. Saka sabon bel guda ɗaya cikin tsofaffi ba tare da an daidaita tsawonsu ba, ƙara dagula lamarin ne kawai.

Ciyawar da injin ke bari a ƙasa yawanci laifin yatsun ƙarfen da ke tsince ta ne, ko sun karye ko sun lanƙwashe. Igiyar da ta ƙi yankewa kuwa, a wasa wuƙarta.

Akwai wani ƙaramin noti da masu ƙera injin suka yi shi da gangan domin ya karye idan nauyi ya yi yawa, ya ceci giya da sauran kaya masu tsada. Yawan karyewarsa alama ce ta cewa ana cusa wa injin fiye da ƙarfinsa, ko wani abu ya cije a ciki. Wasu makanikai kan maye gurbinsa da noti mai tauri don a huta. Hutun na ɗan lokaci ne, domin abin da zai karye nan gaba shi ne akwatin giya. Injinan da ke da kuloci a madadin wannan noti su ma suna bukatar kulawa, saboda tsatsa kan manne faifansa idan ya daɗe a ajiye. A sassauta shi a bar shi ya ɗan zame a farkon kaka, sannan a mayar da ɗaurinsa. Akasarin tsofaffin injinan an yi su ne don shaf ɗin bayan tarakta mai juyi 540 a minti ɗaya, kuma a kan wannan juyin ya kamata a riƙe su.

Mafi haɗari a cikin matsalolin shi ne boris da ya mutu. Ba ya hana aiki nan take. Zafi yake yi a hankali a tsakiyar ƙura da busasshiyar ciyawa, har wuta ta tashi ta cinye inji da tarakta, musamman idan iskar hunturu na kaɗawa. Bayan an ɗan yi aiki, a kashe komai a zagaya: boris ɗin da ya fi 'yan'uwansa zafi, ko yake ƙara, ko yake zubar da baƙin giris, a canza shi a ranar. A riƙa share ciyawar da ta taru a kusa da sarƙa da rola, kuma kada a fita fili ba tare da abin kashe gobara ba.

Duk wannan dubawa ba a yin ta sai an tsayar da shaf, an kashe tarakta, an zare makulli. Injin nan yana fizgar hannu da bakin riga cikin ƙiftawar ido. Wanda zai shiga ƙarƙashin ƙofar baya ya tabbatar an kulle ta da makarinta, domin tsohon tiyon haidurolik kan fashe ba zato. Idan ana neman inda mai ke tsiyaya, a kara kwali a wurin, kada a shafa da hannu, saboda ƙarfin matsin man yana iya huda fata.