Cire haƙorin hankali

Cire haƙorin hankali ƙaramin aikin tiyata ne da likitan haƙori ke yi domin fitar da ɗaya ko fiye daga cikin haƙora huɗu na ƙarshe da ke can ƙuryar baki. Yana daga cikin ayyukan tiyatar baki da aka fi yi a duniya, kuma galibi majinyaci kan koma gida a ranar da aka yi masa. Aikin kansa yakan ɗauki daga 'yan mintoci zuwa kusan awa ɗaya, amma warkewa kan ci mako ɗaya zuwa biyu.

Haƙorin da sunansa

Cikakken baligi yana da haƙora 32. A kowane ɓangare na muƙamuƙin sama da na ƙasa akwai turame uku, wato faffaɗan haƙoran da ake tauna da su, kuma na ukunsu shi ne haƙorin hankali. Shi ne autan haƙora: yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. A tsarin lambobin da likitocin haƙori ke amfani da shi a ƙasashe da yawa, lambobinsa su ne 18 da 28 a sama, 38 da 48 a ƙasa, saboda haka wanda ya ga "38" a katinsa na asibiti, ana nufin na ƙasa ta hagu. Wasu mutane uku ko biyu kawai ke fito musu, wasu kuma ba su da shi sam, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Sunan ya samo asali ne daga lokacin fitowarsa, wato sa'ad da ake ganin yaro ya yi hankali. Larabawa na ce masa "dirsul aƙli", Faransawa na cewa "dent de sagesse", duk ma'ana ɗaya. Wasu harsunan sun bi wata hanya: a Turkanci "haƙorin shekara ashirin" ne, a Koriyanci "haƙorin soyayya", a Japananci kuma ana kiransa da kalmar da ke nufin "wanda iyaye ba su sani ba", domin yana fitowa bayan yaro ya bar gaban iyayensa. A rubuce-rubucen Hausa ana samun "haƙorin hankali" da "haƙorin hikima", kuma dukansu sun yi kama da fassara. A baki dai, mai ciwon yakan nuna wurin da yatsa ne ya ce "na ƙarshen nan".

Dalilan cirewa

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. Idan ya fito a miƙe, ya samu wuri, kuma buroshi ko asuwaki na isa gare shi, haƙori ne kamar sauran. Matsala na tasowa ne idan muƙamuƙi ya riga ya cika kafin ya iso, sai ya maƙale a cikin ƙashi ko ya leƙo rabi ya tsaya. A 1926 wani likitan Amurka, George Winter, ya kasa irin wannan maƙalewa gwargwadon yadda haƙorin ya kwanta: mai karkata gaba ya tokari maƙwabcinsa, mai karkata baya, mai kwanciya a gicciye, da mai tsayuwa a miƙe amma bai kai waje ba. Har yau ana amfani da wannan rabe-raben wajen hasashen wahalar aikin.

Abin da ya fi kai mutane asibiti shi ne kumburin dasashin da ya lulluɓe rabin haƙorin. Abinci na shiga ƙarƙashin wannan 'yar fatar, ƙwayoyin cuta su taru, wurin ya kumbura ya yi zafi, baki ya yi wari, wani lokaci mugunya ta fito, har buɗe baki ya gagara. Ciwon kan lafa da magani ya sake dawowa bayan watanni. Sauran dalilai sun haɗa da ruɓewar haƙorin ko na kusa da shi, ciwon dasashi mai cin ƙashi, da wata jakar ruwa da kan tsiro a kewayen haƙorin da ke binne tana zaizaye muƙamuƙi a hankali.

Likitoci sun daɗe suna saɓani kan haƙorin da ya maƙale amma bai taɓa damun mai shi ba. A Amurka an saba cire shi tun mutum na matashi, bisa hujjar cewa a lokacin saiwarsa ba ta gama girma ba kuma rauni ya fi saurin warkewa. A Ingila kuwa, hukumar NICE ta ba da shawara a shekarar 2000 cewa a daina cire haƙorin da ba shi da cuta, a riƙa duba shi kawai. A ƙasar Hausa wannan muhawara ba ta cika tasowa ba, domin mutane kaɗan ne ke zuwa wurin likitan haƙori kafin ciwo ya hana su barci.

Kafin aiki

Likita zai duba bakin, sannan ya sa a ɗauki hoton ƙashi. Hoton ne ke nuna yawan saiwoyin haƙorin, lanƙwasarsu, da kusancinsu da jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Idan wurin na cikin kumburi mai tsanani, ana iya fara wanke shi da ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jinkirta cirewar zuwa 'yan kwanaki.

Akwai abubuwan da dole majinyaci ya faɗa ko ba a tambaye shi ba: ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, sikila, juna biyu, shan maganin tsinka jini kamar asfirin ko wafarin, da kuma ko ya taɓa zubar da jinin da ya ƙi tsayawa bayan kaciya, haihuwa ko wani rauni. Haka nan idan wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje ko ya toshe masa numfashi. Maganin gargajiya ma ana faɗa.

Wanda za a yi wa allurar kashe zafi a dasashi kawai, ya fi kyau ya ci abinci kafin ya zo, domin bayan aikin zai ɗauki awanni bai iya tauna ba. Wanda za a sa barci gaba ɗaya kuwa, akan hana shi abinci na kimanin awa shida, kuma sai ya zo da wanda zai mai da shi gida. Idan ba gaggawa, mutane da dama kan kauce wa watan azumi, saboda magungunan da ake sha bayan aikin suna da lokuta a cikin yini.

Yadda ake yin aikin

Mafi yawan lokaci allurar kashe zafi ta wadatar. Maganin da aka fi amfani da shi, lidokain, an fara haɗa shi ne a Suwidin a 1943. Bayan 'yan mintoci, rabin leɓen ƙasa da gefen harshe za su yi nauyi kamar ba na mutum ba. Abin da ya kamata a sani shi ne allurar na kashe zafi ne, ba ta kashe jin dannawa. Majinyaci zai ji ana turawa, ana girgizawa, zai iya jin ƙarar ɓallewa a cikin kansa. Wannan duk daidai ne. Idan kuwa ya ji zafi mai kaifi, sai ya ɗaga hannu a ƙara masa allura. Daurewa a nan ba ta da wani amfani.

Haƙorin da ya fito sosai, musamman na sama, ana sassauta shi ne da wani ƙarfe mai kama da ƙaramin cokali, a kama shi da awartaki a zare. Wanda ya maƙale kuwa sai an tsaga dasashi, an goge ɗan ƙashin da ya rufe shi da injin haƙa mai fesa ruwa, sau da yawa kuma a yanka haƙorin gida biyu ko uku a fitar da shi gutsure-gutsure. Rarraba haƙorin ba alamar kuskure ba ce. Dabara ce ta rage ƙashin da za a taɓa. Daga nan a wanke gurbin, a ɗinke idan da buƙata, a sa auduga a ce majinyaci ya cije. Akwai zaren da ke narkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, akwai kuma wanda ake komawa a cire bayan kamar kwana bakwai. Yana da kyau a tambayi wanne aka sa.

Idan saiwar na manne da jijiya, wasu likitoci kan yanke kan haƙorin kawai su bar saiwar a wurinta.

Kwanakin farko

Duk jinyar ta rataya ne a kan abu ɗaya: gudan jinin da ke daskarewa a cikin gurbin. Shi ne ke rufe ƙashi, kuma a kansa sabon nama ke ginuwa. Saboda haka a awa 24 na farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a yawan tofar da yawu, ba a zuƙar abu da tsinken shan lemo, ba a taɓa wurin da harshe ko yatsa, ba a shan abu mai zafi. Mai alwala sai ya sa ruwan a hankali ya bar shi ya zubo da kansa. Yawu mai ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne, domin ɗigon jini kaɗan na rina yawu mai yawa. Idan jini ya ci gaba da fita, a naɗe tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi a ɗora daidai kan gurbin, a cije sosai na minti 20 zuwa 30 a zaune, ba tare da ana buɗewa ana dubawa ba.

Kumburin kunci yakan kai ƙarshensa ne a rana ta biyu ko ta uku, ba a ranar aikin ba, kuma wannan na ruɗa mutane su ɗauka abin ya lalace. Ƙanƙara a cikin tsumma a ranar farko na rage shi, haka ma ɗaga kai da matashi lokacin kwanciya. Muƙamuƙi zai yi tsami, baki ba zai buɗu sosai ba na kwanaki. Daga rana ta biyu ana fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, musamman bayan cin abinci, a ci gaba da goge sauran haƙora.

Don rage zafi, farasitamol da ibuprofen su ne aka fi bayarwa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita. Asfirin na ƙara zubar jini. Ba kowa ake rubuta wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, kuma sayen kafso a kemis a sha kwana biyu a bari ya fi kusa da cutarwa.

Abinci mai laushi ya dace: kunu ko koko da ya huce, fura da nono da aka dama ta yi ruwa-ruwa, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, ana taunawa ta ɗaya gefen. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, rake da yaji sai bayan mako guda. Goro ma a haƙura da shi, domin ɓarɓashinsa na cika gurbin. Sigari da shisha su ne suka fi komai ɓata warkewa. A bar su aƙalla kwana uku, mako guda ya fi.

Matsalolin da kan biyo baya

Wadda aka fi gani ita ce bushewar gurbi, wato gudan jinin ya fita ko ya narke, ƙashi ya zauna a buɗe. Alamarta a fili take: zafin da ya fara sauƙi sai ya dawo da ƙarfi wajen rana ta uku zuwa ta biyar, yana harbawa har kunne, ga ɗoyi da ɗaci a baki. Ta fi samun masu shan taba, mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, da waɗanda aka ciro musu na ƙasa da wahala. Ba ta da haɗari ga rai, kuma likita na magance ta ne ta hanyar wanke gurbin da cusa wani magani wanda galibi yake ɗauke da sinadarin da ke cikin man kanumfari.

Jijiyar leɓe ko ta harshe na iya taɓuwa, sai wurin ya ci gaba da zama a mace bayan allura ta sake. Yawanci yana dawowa cikin makonni ko watanni, a wasu 'yan lokuta kuma ba ya dawowa. A sama, saiwar na kusa da kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, kuma idan ƙofa ta buɗe tsakaninsu, ruwa kan fito ta hanci in an sha. Irin wannan majinyaci ana hana shi fyace majina da ƙarfi har wurin ya rufe. Maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙorin sama na makantar da ido ba ta da tushe, domin jijiyar gani dabam take da ta haƙora.

Abin da ba ya jiran gobe shi ne kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, tare da zazzaɓi, wahalar haɗiyar yawu ko ta numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, kuma yana iya toshe maƙogwaro cikin awanni. Ya fi tasowa daga ruɓaɓɓen turmin ƙasa da aka daɗe ana lallaɓawa, ba daga cirewar ba. Haka ma jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije ƙyalle sau biyu, shi ma na asibiti ne nan take.

A yankin Illela

Ga mazaunin Amarawa da sauran garuruwan bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, matakin farko shi ne Babban Asibitin Illela, inda za a duba a ga ko aikin na buƙatar turawa gaba. Haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi aikin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ne, kuma akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 85 ta Gwadabawa da Kware. Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar ya fi kusa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya tsallaka can zai karɓi takardunsa da Faransanci. Ya kamata ya adana su tare da hoton ƙashin, domin duk likitan da zai gan shi daga baya zai so sanin abin da aka yi da maganin da aka ba shi.

Nisan na da tasiri a kan shiri. Bushewar gurbi na bayyana ne bayan mutum ya riga ya koma gida, don haka kafin barin asibiti yana da amfani a tambayi inda za a je mafi kusa idan hakan ta faru, da ranar cire zare. Doguwar tafiya a kan babur cikin rana da ƙura jim kaɗan bayan aikin na iya tayar da jini. Mota ta fi, ko kwana ɗaya a birni ga mai hali.

Wanzamai da masu cire haƙori a kasuwa sun daɗe suna wannan sana'a, kuma sauƙin kuɗi da kusanci ne ke kai mutane wurinsu. Sai dai haƙorin hankali na ƙasa shi ne mafi munin wanda za a kai musu: ba hoton da zai nuna saiwa, yakan karye a bar guntu a ciki, ƙashin muƙamuƙi a wannan kusurwa na iya tsagewa idan aka yi masa ƙarfi, kuma ƙarfen da ba a dafa ba na ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau daga baki zuwa baki. Dasa ƙwayar asfirin, ruwan batir ko garin taba a kan haƙori mai ciwo yana ƙona dasashi ne kawai. A Najeriya, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, MDCN, ce ke yi wa likitocin haƙori rajista da ba su lasisin aiki.