Ciwon Idon Kare: Abin Da Ya Inganta Da Abin Da Bai Inganta Ba

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Gwandu, aka gama sussuka, mafarautan Jega da na Maiyama suka fara fita daji da karnukansu, ba a daɗewa sai a ga karen da ya wayi gari ido ja wur, kwantsa ta liƙe masa fatar ido, yana ta goga fuska da ƙafa. Nan take kuwa magunguna kan yawaita a bakin jama'a, har mai kare ya rasa wanda zai ɗauka. Tun da yake shari'a ta halatta riƙon kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk dabbar da ke hannun mutum amana ce, ya wajaba a tace waɗannan zantuka.

Masu cewa a wanke idon da ruwan gishiri sun faɗi gaskiya, amma da sharaɗi. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya ba tozo, a bari ya huce, sannan a tsoma auduga mai tsabta a jiƙa kwantsar har ta saki, a share daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Galibi ƙura ce ko ƙaiƙayi ko tsinken ciyawa ya shiga, wanki kaɗai kan isa. Iyakar abin da ya dace a yi a gida ke nan.

Amma zancen ɗiga ruwan albasa, wanda ba ya rasa masu goyon baya a wajen Aliero inda albasa ta wadata, batili ne tsantsa, domin hawayen da take jawowa alamar raɗaɗi ne, ba alamar waraka ba. Bal ma karen da ya ci albasa da yawa jininsa kan lalace. Haka kwalli, wanda asalinsa dutse ne mai dalma, haka garin taba da fitsari da ruwan sukari.

Mafi ɓoyayyen haɗari shi ne ɗigon ido na mutane, don kuwa yana zuwa cikin kwalba mai rubutu, sai a sakankance da shi. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin rage kumburi irin deksametason, alhali kuwa idan ƙaya ta karce baƙin idon, wannan sinadari kan hana mikin haɗewa, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ta yadda jan zai ragu mai kare ya yi murna, mikin kuwa yana ta cin ciki har idon ya yi hakiya ko ya fashe. Sau da yawa ba a ganin irin wannan karcewa da ido kawai. Likitan dabbobi kan ɗiga wani rini da ke mayar da gurbin mikin kore shar, sannan ya zaɓi magani.

Sai shubuhar da ta fi ɓata mini rai, wato cewa jan ido shi ne hujjar haukan kare, wadda kan sa a rufe karen da ƙaiƙayi kawai ya dama da duka. Hauka na bayyana ne ta sauyin hali, da dalalar miyau, da kasa haɗiya, da cizon duk abin da ya gitta. Wanda ya ga haka ya nisanci karen ya kai rahoto, wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu minti 15 ya garzaya asibiti. Rigakafin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, take sarrafawa shi ne kariya, ana yi wa kare shekara-shekara. Ciwon jan ido na Afolo kuwa, da ya ɓulla a Gana a 1969, tsakanin mutane yake yawo, kare ba shi da hannu a ciki.

Wasu na ƙin taɓa idon don gudun najasa. To, a mazhabar Imam Malik duk mai rai tsarkakakke ne, Shehu Halil ma cikin Muhtasar ya lissafa hawayensa da miyansa a cikin masu tsarki, wanke ƙwaryar da kare ya sa wa baki sau bakwai kuwa ta'abbudi ne. Wanke hannu da sabulu bayan jinya dai wajibin lafiya ne.

Idan an kwana biyu ana wanki ba sauƙi, ko kare ya runtse idon ya ƙi buɗewa, ko baƙin idon ya yi hazo, ko kwantsar ta zo tare da majina da tari da ƙin abinci, wanda kan nuna annobar da ke kashe 'yan kwikwiyo, sai a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, in abin ya fi ƙarfinsa a wuce Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.