Ngozi Okonjo-Iweala: daga gidan kaka zuwa jagorancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya

Ranar 1 ga watan Maris na shekarar 2021, wata mace sanye da atamfa da ɗaurin kallabi ta shiga babban ginin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato OMC, a birnin Janeba na ƙasar Suwis, domin kama aikin babbar darakta. Ita ce mace ta farko, kuma ƴar Afirka ta farko, da aka damƙa wa wannan kujera tun kafuwar ƙungiyar a 1995. Ga ɗan kasuwar Maraɗi ko na Ƙonni, Janeba na da nisa. Amma fa can ne ƙasashe 166, cikinsu har da Nijar wadda ta shiga a 1996, ke tattauna ƙa'idodin kuɗin duwan da na shige da ficen haja. Saboda haka sanin ko wace ce ke riƙe da ragamar ba ɓata lokaci ba ne.

An haifi Ngozi ranar 13 ga Yuni 1954 a garin Ogwashi-Ukwu, cikin jahar Delta ta yanzu, kudancin Najeriya. Mahaifinta Chukwuka Okonjo malamin jami'a ne wanda daga baya ya hau gadon sarautar garin. Mahaifiyarta Kamene ita ma malamar jami'a ce. Sai dai gidan sarauta bai sa ta tashi cikin gata ba. Iyayen sun tafi karatu Turai tana ƙarama, suka bar ta hannun kakarta, inda ta koyi ɗiban ruwa a rafi, neman itace da aikin gona kamar kowace ɗiya ta karkara.

Tana da shekara 13 yaƙin Biyafara ya ɓarke a 1967. Mahaifinta ya shiga rundunar Biyafara, iyalin suka rasa abin da suka tara, suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Ita da bakinta ta sha ba da labarin ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama ƙanwarta mai shekara 3, alhali mahaifiyarsu na kwance babu lafiya. Ta goya yarinyar, ta taka wajen kilomita 10 zuwa wani wurin shan magani. Da ta tarar da cincirindon jama'a a ƙofa, sai ta kutsa ta taga har gaban likita. Allura ta ceci ran yarinyar. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin ganin ta shugabanci ƙawancen rigakafi na Gavi daga 2016 zuwa 2020 ba.

Bayan yaƙi ta ƙarasa sakandare a Ibadan, ta tafi Amurka a 1973. Ta sami digirin tattalin arziki a jami'ar Harvard a 1976, sannan digirin dakta a MIT a 1981, bisa wani bincike kan bashi da noma a karkarar Najeriya. Ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, har ta kai muƙamin manajan darakta tsakanin 2007 da 2011. Mijinta Ikemba Iweala likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. Suna da ƴaƴa 4, cikinsu akwai marubucin nan Uzodinma Iweala.

A 2003 shugaba Olusegun Obasanjo ya kira ta gida, ta zama mace ta farko ministar kuɗi a Najeriya. Abu biyu ake tunawa da su a wannan zango. Na farko, ta sa ana buga wa a jaridu, wata-wata, kason da kowace jaha ke karɓa daga baitulmali, ta yadda talaka zai iya tambayar gwamnansa inda kuɗin suka shiga. Na biyu, yarjejeniyar 2005 da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris: daga cikin dalar Amurka miliyar 30 da ake bin Najeriya, aka yafe miliyar 18, ƙasar ta biya sauran.

Zangonta na biyu, daga 2011 zuwa 2015 ƙarƙashin Goodluck Jonathan, ya fi ɗaci. A Janairun 2012 gwamnati ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, zanga-zanga ta cika Kano da Legas, sunanta kuwa na cikin waɗanda aka fi la'anta, domin ta fito fili ta kare matakin. Daga bisani aka tsayar da farashin a naira 97. Masu sayar da mai a kwalba daga Ɗan Isa zuwa Magarya ba su buƙatar a faɗa musu yadda farashin lita a Najeriya ke taɓa aljihun Nijar. Har gobe akwai masu ganin ta fi sauraron lissafin Bankin Duniya bisa kukan talaka. Masu kare ta kuma na cewa tallafin ya fi azurta ƴan kwangila bisa mai babur.

A Disambar wannan shekara aka sace mahaifiyarta, mai shekara 82, daga gidan sarautar Ogwashi-Ukwu, aka riƙe ta kwana 5. Ngozi ta bayyana cewa masu garkuwar sun nemi ta sauka daga muƙaminta, ta kuma danganta lamarin da dakatar da biyan wasu dillalan mai da ake tuhuma da cuwa-cuwa. Ba ta sauka ba.

Kujerar OMC ma ba ta samu cikin ruwan sanyi ba. A Oktoban 2020 mafi yawan ƙasashe sun mara mata baya, amma gwamnatin Donald Trump ta hau kujerar na-ƙi. Tun da a wannan ƙungiya sai kowa ya yarda ake zartar da shawara, maganar ta tsaya cik. Sai da mulki ya canza a Amurka, abokiyar takararta ta Koriya ta Kudu ta janye, aka naɗa ta ranar 15 ga Fabrairu 2021. A Nuwambar 2024 aka sake ba ta wa'adi na biyu, wanda ya soma ranar 1 ga Satumba 2025.

Gidan da ta gada kuwa yana yoyo. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina aiki tun Disambar 2019, domin Amurka ta hana naɗin sababbin alƙalai, sannan a 2025 ta lafta wa ƙasashe da dama sabon kuɗin duwan. Babbar darakta ba ta da soja, ba ta ba da bashi. Makaminta lallashi ne kawai. Da shi ta samo yarjejeniyar 2022 kan tallafin kamun kifi.

Fataken albasar Galmi, da na wake da shanu, waɗanda suka ga motocinsu jere a bakin iyaka lokacin da Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun san abin da ke faruwa idan babba ya taka doka: ƙarami ne hajarsa ke ruɓewa a rana. Ko ɗiyar Ogwashi-Ukwu za ta iya sa manyan ƙasashe su koma bin ƙa'idar da suka sa wa hannu, wannan shi ne awon da za a yi mata a ƙarshen wa'adinta, a 2029.