"Overt": kalmar Ingilishi da ɗan Nijar ya riga ya san rabinta

Duk wanda ya yi lakol a Maraɗi ko Damagaram ya saba ganin "ouvert" rataye a ƙofar banki ko kantin magani. Shi ya sa ɗan Nijar da ke zaune a Accra ko New York, in ya ci karo da "overt" a jaridar Ingilishi, sai ya ce ga ƴar gida. Ƴar gida ce kuwa, amma ta daɗe da canza hali.

Daga tsohon Faransanci ta fito, daga "ovrir" wadda ta zama "ouvrir", ita kuma tushenta "aperire" na Latin, wato buɗewa. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma ta nan kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14.

A yau ba a cewa ƙofa ko kanti "overt". Wannan aikin "open" ne, kuma wanda ya haɗa su dariya za a yi masa. "Overt" ta koma kan aikin mutum da halinsa: abin da aka yi a fili, ƙiri-ƙiri, ba ɓoye-ɓoye. Kishiyarta "covert" ce, ƴar'uwar "couvert", abin da aka yi a asirce, kamar aikin ƴan leƙen asiri.

A kotu ne ta fi nauyi. Dokar cin amanar ƙasa ta Ingila ta 1351, wadda aka rubuta da Faransanci a zamanin Sarki Edward na Uku, ta nemi a tabbatar da laifin da aikin da ya fito fili. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya bi sahu: ba a kama mutum da cin amanar ƙasa sai shaidu biyu sun ba da shaida kan "overt act" guda, ko shi da kansa ya amsa laifinsa a gaban kotu. Mugun nufin da ke cikin zuciya bai isa ba.

Ƴan ci-rani sun fi jin ta a zancen wariyar launin fata. Mai gidan haya da ya ce maka ba ya ba baƙar fata ɗaki, tasa wariyar "overt" ce. Wanda ya yi maka murmushi ya ce an riga an kama ɗakin, alhali ba kowa ciki, tasa "covert" ce, kuma ita ta fi wuyar kafa hujja.

Wajen furuci kuma a kiyaye: Bafaranshe yana haɗiye "t" na ƙarshe, Baturen Ingila yana fito da shi.