Goyo da runguma: Maganin da ba a sayarwa a kemis

Duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo da sanyin safiya a lokacin hunturu zai ga mata suna tafiya da goyo, an ɗaure yaro da zani, an ƙara da majanyi, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu da hula. Abu ne da ido ya saba da shi har ya daina lura. Amma likitocin yara sun daɗe da gano cewa wannan kusanci na jiki da jiki yana cikin abubuwan da ke raya ɗan Adam, kuma bukatarsa ba ta ƙarewa ranar yaye.

Hujja mafi ƙarfi daga ɗakin haihuwa ta fito. A shekarar 1978, a wani asibitin mata da yara da ke Bogota, babban birnin Kolombiya, bakwaini sun yi yawa, kwalbar da ake sa su ta yi kaɗan. Sai wani likita, Edgar Rey, ya sa iyaye mata su riƙa ɗora jariran a ƙirjinsu, fata da fata, a rufe su da mayafi. Aka sa wa dabarar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a jakar cikinta. A 2021 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Najeriya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Indiya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilci ƙasar nan. An samu cewa jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, idan aka ɗora su a ƙirji nan take bayan haihuwa, mace-macensu na raguwa da kusan kashi 25 cikin ɗari. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a fara yin hakan ba tare da jinkiri ba, a kuma yi shi awa 8 zuwa 24 a kullum.

Dalilin ba boyayye ba ne. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi kaɗan yana iya yi masa illa. Ƙirjin uwa yana ba shi ɗumi daidai wa daida, numfashinsa ya daidaita, ga nono a kusa. Sai dai a lura, wannan ya bambanta da goyon da muka sani: a gaba ake yin sa, a tsaye tsakanin nonuwa, kan jaririn a juye gefe, ba riga a tsakani. Uba ma yana iya karɓa idan uwa ta gaji, haka kaka. Ga matar da ta haihu a wani ƙauyen Rabah, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma hanyar Sakkwato ba kullum take biyuwa da dare ba, sanin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ya maye gurbin asibiti. Jaririn da ke numfashi da ƙyar ko ya ƙi kama nono dole a kai shi, amma a ƙirji ya kamata ya yi tafiyar.

Abin da ke faruwa a jikin babba ma kusan haka yake. Taɓawar wanda mutum ya amince da shi tana sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira oksitosin, bugun zuciya ya lafa, sinadarin damuwa ya ragu. A Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka an bi diddigin mutum 404 na tsawon mako biyu, sannan aka shaƙa musu ƙwayar cutar mura, sai aka ga waɗanda ake yawan runguma ciwon bai tsananta musu ba. Irin wannan bincike ba a yi masa hawan ƙawara, domin mai samun runguma galibi shi ne mai dangi da abokan zama na gari. Duk da haka alƙiblarsa ɗaya da abin da aka gani a gidajen marayun Romaniya bayan 1989, inda yaran da ake ciyarwa amma ba a ɗaukarsu suka tashi da naƙasu a girma da fahimta.

A nan ne al'adarmu take da fuska biyu. Ta ɓangare guda, Bahaushe da Bafulatani ba su rasa taɓa juna ba: ga musabaha mai tsawo wadda ake ƙarewa da kai hannu ƙirji, ga abokai biyu riƙe da hannun juna a kasuwa, ga tausar jariri da man kaɗanya bayan wanka, ga kitso da lalle da ke tara mata wuri guda. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba kuwa sai ya zama dodo a gidansa. A da wannan bai cika yin illa ba, domin gida babba ne; abin da uwa ta hana, kaka da goggo da inna sukan biya har da riba. Yau ma'aikaci ko ɗan kasuwa yana zaune a gidan haya daga shi sai matarsa, ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci. An riƙe kunyar, an bar kakar a ƙauye.

Addini kuwa bai goyi bayan wannan nisa ba. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma Annabi ya danganta hakan da rashin jinƙai. Ya kuma yi sallah ɗauke da jikarsa Umama. Iyakar da shari'a ta sa tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba tana nan daram, kuma yaro ma yana da haƙƙin ƙin taɓawar da ba ya so, ko daga wa take.

Gabashin Sakkwato yana da ƙarin dalili. Tun harin da aka kai Tabanni a gundumar Gandi a watan Yulin 2018, zuwa wanda ya hallaka fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, yankin ya tara zawarawa da marayu da 'yan gudun hijira masu yawa. Yaron da ya ga tashin hankali yakan koma fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko ya yi shiru kamar ba shi ba. Da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin taurin kai, a haɗa masa da bulala. Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa abin da suke fara nema shi ne babba guda da yaron ya yarda da shi, mai zaunar da shi a cinya, mai shafa kansa har barci ya ɗauke shi. Likitan ƙwaƙwalwa sai an je Sakkwato ko Kware, amma irin wannan babban ana samunsa ko a sansanin Gandi.