Karibu: garken da ya kai dubu 800 ya koma ƙasa da dubu 10

A bayan ƙwandalar santi 25 ta ƙasar Kanada akwai hoton kan wata dabba mai ƙaho rassa-rassa kamar busasshen icce. Sunanta karibu. Dabbar daji ce mai kama da babbar barewa, namiji yakan kai kilo 150, tamata kuwa wajen kilo 90, kuma ita ma tana da ƙaho. Can ƙarshen arewacin duniya take zaune, a Kanada da jihar Alaska ta Amurka, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa fiye da rabin shekara, ba a noma ko zangarniya guda. Mutanen wurin, wato ƙabilun Inuwit da Innu da Dene da Gwicin, wannan dabba ita ce rumbunsu: naman ci, fatar sutura, ƙashi da jijiya na aikin hannu. To rumbun nan ne yake ta raguwa, kuma cikin masu hannu a zancen har da ƴan kasuwa.

Karibu ba ta da makiyayi, amma tafiyarta ta makiyaya ce. Da sanyi garke yana gangarowa kudu bakin dazuzzuka, yana tone ƙanƙara da kofato yana cin wata irin farar gansakuka da ke shimfiɗe bisa ƙasa da duwatsu. In sanyi ya fara sauka sai mata masu ciki su shige gaba, su nufi arewa, wuri guda da kakanninsu suka saba haihuwa, su haihu cikin watan Yuni kusan dukansu cikin ƴan kwanaki. Zuwa da komowa wasu garkunan suna cin sama da kilomita 1,000, abin da ya fi nisan Yamai zuwa Damagaram. Da wurin haihuwar nan ake ba kowane garke suna.

Mai karatu zai ce, wa ya ƙirga dabbar da ba ta da maigida? Sauro ne ke taimakawa. Cikin watan Yuli sauro da ƙudaje sukan addabi dabbobin har su curu wuri guda dubbai bisa dubbai. Ma'aikatan daji sun riga sun ɗaura ma wasu daga cikinsu abin wuya mai aika sako ta tauraron ɗan Adam, sai su bi shi da jirgin sama, su ɗauki hotuna, su koma ofis su ƙirga kai ɗaya-ɗaya.

Abin da ƙidayar ta nuna a garken Kogin Joji, tsakanin Kebek da Labarado, sai mutum ya riƙe baki. A shekarun 1950 ƴan dubbai ne kawai. Suka yi ta yaɗuwa har a farkon shekarun 1990 suka kai wajen dubu 800, ana cewa babu garken karibu da ya kai shi a duniya. Yawansu ya kai cewa a shekara ta 1984, da wajen dubu 10 suka nutse lokaci guda garin ƙetare kogin Kaniyapisko, garken bai ma girgiza ba. Amma a 2001 an ƙirga dubu 385. A 2010, dubu 74. A 2018, dubu 5 da ɗari 5 kacal. Ke nan cikin kowace ɗari, ko guda bai cika saura ba. Ƙidayoyin da suka biyo baya sun nuna ɗan farfaɗowa, amma har 2024 ba su kai dubu 10 ba. Garken Batas, da ke yankin arewa maso yammacin Kanada, shi ma haka: wajen dubu 470 a 1986, dubu 6 da ɗoriya a 2021.

Ba farauta kaɗai ta jawo haka ba, kuma bai kamata a ɗora ma mafarauta laifin duka ba. Tsofaffin wurin suna da labarin kakanninsu da suka sha yunwa a farkon ƙarni na 20 lokacin da karibu ta ɓace, sa'an nan ta dawo. Hawa da sauka ɗabi'ar garken ce, zagaye ɗaya yana ɗaukar shekaru da dama. In dabbobi sun yi yawa sukan cinye makiyayar, su tattake sauran, ita kuwa gansakukar nan ba ciyawar damina ba ce da za ta tsiro da ruwan farko: tsawonta ba ya ƙaruwa da abin da ya wuce ƴan milimita a shekara, wurin da aka cinye ko gobara ta ƙone sai ya yi shekaru gommai bai komo ba. Uwa ta rame, ɗa ya fito ƙarami, kyarkeci ko sanyi ya ɗauke shi.

Sabon abu shi ne ɗumamar yanayi, wadda ta fi tsanani a can bisa ga sauran duniya. Yanzu akan yi ruwan sama a tsakiyar sanyi, ruwan ya daskare bisa ƙasa ya zama kamar gilashi, abinci na ƙasa dabba na gani amma kofato ba ya fasa shi. Lokacin zafi kuma ƙudaje sun ƙaru, dabba ta wuni tana gudu maimakon kiwo. Ga hanyoyin mota da ma'adinai: mahaƙar lu'ulu'u ta Ekati da aka buɗe a 1998 da ta Diavik a 2003 duk cikin ƙasar garken Batas aka kafa su. Hukumar binciken yanayi ta Amurka ta ce a rahotonta na 2024, garkunan karibu masu ƙaura sun ragu da kashi 65 bisa ɗari cikin shekaru 20 zuwa 30.

Ga inda lissafin yake, kuma duk mai sana'a zai gane shi da sauri. Tamatar karibu ba ta fara haihuwa sai ta shekara biyu zuwa uku, ɗa guda take haihuwa a shekara, shekarar da ta rame kuma ba ta ɗaukar ciki. Masana sun ce sai wajen mata 85 cikin 100 sun tsira kowace shekara kafin garke ya tsaya yadda yake. Namiji guda ya ishi mata da yawa. Saboda haka maza su ne riba, mata su ne uwar kuɗi. Garken dubu 800 ba ya jin an ɗebe masa dubu 20, amma in ya koma dubu 70 ana ci gaba da ɗibar da aka saba, an shiga cin jari ke nan ba a sani ba. A ganina nan ne hukumomi suka makara. Tsakanin 2001 da 2010 ba a yi cikakkiyar ƙidayar garken Kogin Joji ba, shekara tara ana ciniki ba a duba littafi. Sai a 2012 Kebek ta rufe farautar ƴan yawon buɗe ido bisa garken, a 2013 kuma hukumomin Labarado suka hana kowa da kowa. Masu masauki da jiragen da ke kai baƙi farauta suka rasa kasuwa, wasu ƴan Innu kuwa suka ce dokar ta taka haƙƙinsu na gado, har magana ta kai kotu.

Labarin tsibirin Sawsamton, a yankin Nunabut, ya fi kowanne kusa da bakin kasuwa. Karibu ta ƙare ƙaf a tsibirin a shekarun 1950. A 1967 aka kawo guda 48 daga wani tsibiri maƙwabci. Da yake babu kyarkeci, zuwa 1997 sun kai wajen dubu 30, har aka riƙa yanka na sayarwa. Sai ciwon burusela, mai sa dabba ɓari, ya shigo, haihuwa ta ragu. A daidai lokacin ne karibu ta yi wuya a babban tsibirin Bafin, mutanen can suka shiga neman nama ko ta halin ƙaƙa. Ciniki ya koma bisa Facebook: mafarauci ya sa hoto, mai saye ya aiko kuɗi, jirgin sama ya kai kaya. Mai saye kuwa mai kitse yake so, kuma da sanyi wadda ta fi kitse ita ce tamata mai ciki. Zuwa 2011 garken ya faɗo ƙasa da dubu 8, a 2012 aka ƙayyade abin da za a kashe bisa dubu 1 a shekara.

Kada wani ya yi saurin zagin masu sayarwar. A garuruwan nan babu hanyar mota, abincin kanti da jirgi ake kawo shi da tsadar gaske, aikin albashi kaɗan ne, harsashi da man babur ɗin ƙanƙara kuwa sai da kuɗi. Yarjejeniyar Nunabut ta 1993 ma ta ba Inuwit ikon sayar da abin da suka farauto bisa ƙa'ida. An taɓa ƙiyasta cewa naman da jama'a ke samu daga garkuna biyu kawai, Bebali da Kamanirjuwak, ya kai dalar Kanada miliyon 20 a shekara, wajen miliyar 8 na sefa ke nan. Sai dai tsofaffi da yawa suna ƙorafi cewa a da nama rabawa ake yi, gwauruwa da marayu su sami kasonsu, yanzu kuwa sai mai abin hannu.

Inda abin ya ɗan yi sauƙi shi ne inda aka zauna da masu cin naman tun kafin ɓarna ta yi nisa. Tun 1982 aka kafa kwamitin garkunan Bebali da Kamanirjuwak, inda mafarauta ke zama teburi ɗaya da ma'aikatan gwamnati. Garken Fokufain, mai ƙetare iyakar Kanada da Alaska, ƙasashen biyu sun sa hannu bisa kare shi a 1987, a 2017 kuma aka ƙirga dubu 218, ko da yake rigimar haƙar man fetur a wurin haihuwarsa ta daɗe tana tashi tana kwantawa. A yammacin Alaska, da garken can ya sauko daga dubu 490 a 2003 zuwa dubu 152 a 2023, wakilan ƙauyuka da kansu suka nemi a rage farauta. A da mutum na iya kashe biyar a rana. Daga 2024 aka mai da shi goma sha biyar a shekara, kuma cikinsu tamata guda ɗaya tak.