Fiɗiyar bunsuru: a bar taɓarya, a nemi ma'aikacin kiyo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akuya ita ce asusun talaka. Da ita ake sayen hatsi in rumbu ya ƙare, da ita ake biyan kuɗin magani. Amma garke ba ya kyau in an bar kowane bunsuru yana barbara.

Bunsuru yana iya fara bin awaki tun yana da wata 4 ko 5. In ba a raba shi da su ba, zai hau uwarsa ko ƴar'uwarsa. Ƴaƴan da ake samu ta haka sukan fito ƙanana, marasa ƙarfi. Shi ya sa ake zaɓen bunsuru mai kyan jiki, wanda uwarsa ke da nono kuma take haihuwar tagwaye, a bar shi don iri. Sauran a fiɗiye su. Taure ba ya yawo, ba ya faɗa, yana yin kitse, namansa kuma ba shi da warin bunsuru.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1963 aka buɗe gidan kiyon awaki na Maraɗi domin kyautata jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. An riƙa ba garuruwa jajayen bunsura na gari, ana fiɗiye waɗanda ba su dace ba.

Inda matsala take shi ne yadda ake aikin. A ƙauyuka har yanzu ana dandaƙa da taɓarya ko da dutse, wasu kuma su yanka da aska. Dabba tana shan azaba ƙwarai. Jini na iya zuba, ƙuda su bi miki, tsutsa ta shiga. Askar da ba ta da tsabta tana kawo ciwon da ke sanƙarar da jiki, wanda likitoci ke kira tetanos, kuma da wuya dabba ta tashi daga gare shi. Mai gudun biyan kuɗi kaɗan sai ya wayi gari ya yi hasarar bunsuru sukutum.

Ma'aikatan kiyo suna da wani ƙarfe mai kama da awartaki, sunansa Burdizzo. Ba ya yanka fata. Ana kama jijiyar da ke saman marena, a matse ta na ɗan lokaci, gefe guda sannan ɗaya gefen. Ba a matse duka biyun a tashi ɗaya, don kada jini ya daina zuwa fata ta ruɓe. Wurin zai kumbura kwana kaɗan, daga baya marenan su shanye cikin makonni. Ana yin sa ga bunsuru, da rago, da ɗan maraƙin da za a horar don noma ko jan amalanke.

A kai dabba tun tana ƙarama, bunsuru yana da wata 2 ko 3. A yi da safe, kuma lokacin ɗari ya fi damina, domin ƙuda ba su da yawa. Kada a fiɗiye marar lafiya. In babba ne, a ware shi daga awaki kamar wata guda, don yana iya ba da ciki a kwanakin farko. Mai turkar ragon layya kuwa ya yi tunani tukuna, saboda masu saye da yawa sun fi son wanda ba a taɓa ba.

Jaki da doki da kare ba a yi musu da wannan ƙarfe. Nasu aikin likitan dabbobi ne, da allurar kashe zafi.

Wanda ke nesa da gidan likitan dabbobi ya tambayi mataimakin kiyo na yankinsa. Tun 2003 aka fara wannan tsari a Dakoro: likita guda, da mutanen ƙauyuka da aka horar, suna sayar da magani na gaskiya kuma suna yin ƙananan ayyuka. Maƙwabta su haɗa bisashensu rana ɗaya, kuɗin zuwansa zai yi sauƙi. In ya zo, a sayi maganin tsutsar ciki a hannunsa, a bar na tebur da ya sha rana a kasuwa, a kuma tambaye shi ranar da masu allurar riga-kafi ta shekara za su iso garin.